Daga Imlil Zuwa Ikkis: Yadda Yawon Wuni Guda Ya Zama Kwanan Dole

Saƙon muryar ya shigo wayata da ƙarfe 6:52 na yamma, wata Asabar a ƙarshen Nuwamban 2024. Gajere ne, rabinsa ma ƙarar iska ce. "Yaya, na gurɗe ƙafa, hanya ta ɓace mini, caji ya kusa ƙarewa." Na kira har sau 4, layi bai shiga ba. Ina zaune a ɗakina a Marrakesh, shi yana can wani gefen dutse, ko sunan kwarin da yake ciki ban sani ba. Da safe abin da ya ce mini shi ne zai hau mashigin da ke saman Imlil ya dawo kafin la'asar.

Mai saƙon ɗan Katsina ne, yana shekara ta biyu a jami'a, ni ina ta ƙarshe. Ba jini ne ya haɗa mu ba, zaman baƙunta ne, amma Yaya yake ce mini tun ranar da na tarbe shi a tasha da akwatinsa. Ya yarda in rubuta abin da ya faru muddin ban ambaci sunansa ba. Na ga ya kamata a rubuta, domin kowace shekara sabbin ɗalibai na zuwa Maroko daga Najeriya da Nijar, ga duwatsun Atlas suna leƙo su daga kudu duk ranar da gari ya washe, kawunansu fari fat da ƙanƙara in hunturu ya kama. Ko ba daɗe ko ba jima wani zai ce bari ya je ya gani da idonsa.

Wurin da abin ya faru

Imlil ƙauye ne a lardin Al Hawuz, wajen kilomita 65 kudu da Marrakesh, mita 1,740 sama da teku. Daga nan masu hawan Tubkal suke ɗaura ɗamara, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167. Mutanen yankin Amazik ne, harshensu Tashalhit, ko da yake yawancin maza suna jin Darija, wato Larabcin ƙasar. Gonakinsu hawa-hawa ne kamar matattakala, an sassaƙe su a jikin dutse an tokare da katangar duwatsu. Suna noma sha'ir da masara da tuffa, ga kuma manyan itatuwan da Darija ke kira gargaa, masu 'ya'ya da ƙwarya mai tauri da ake fasawa a ci na ciki. Ruwan ban gona daga kogi ake janyo shi ta wasu siraran kwatoci da suke kira targa, masu bin gefen dutse na tsawon tafiya, kowace da ɗan turbar da mai gyara ke takawa. A riƙe wannan, zai dawo a gaba.

Gabas da Imlil akwai wani kwarin, Imenan. Tsakanin su biyun akwai mashigin Tizi n'Tamatert, mita 2,279. Kalmar tizi ita ce mashigin dutse a harshensu. Don a gane tsawon, Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda babu dutsen da ya kai shi a Najeriya, mita 2,419 ne. Wato wanda ya tsaya shan shayi a wannan mashigi saura mita 140 ya kai ƙololuwar ƙasarmu. Katsina kuwa da Marrakesh kusan tsawonsu ɗaya, kowanne bai yi nisa da mita 500 ba. Ƙanena a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa aka haife shi, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yake karatu.

Tun bayan kisan wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido, ɗaya 'yar Denmak ɗaya 'yar Norwe, kusa da Imlil a Disamban 2018, hukuma ta wajabta ɗaukar ɗan jagora ga mai hawan Tubkal, aka kuma sa wuraren duba takardu a kan hanyar. Ƙanena ba can ya nufa ba. Ɓangaren Tamatert ya bi, kuma babu wanda ya tare shi ya tambaye shi ina za shi.

Shirin, da rabona a cikin laifin

Ni na fara ba shi labarin wurin. Na taɓa hawa mashigin shekara biyu kafin nan, a watan Mayu, mu 6. Na ce masa ba wani abu ba ne, awa biyu ka hau, ka sha iska, ka sauko. Gaskiya na faɗa, amma gaskiyar Mayu ce. A Mayu rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 8. A ƙarshen Nuwamba magariba wajen 6:30 take, kuma cikin kwari rana tana ɓuya bayan dutse tun kafin nan da nisa. Ban ce masa komai a kan wannan ba, don ko a raina bai zo ba.

Su uku ne suka shirya tafiyar. Daren Juma'a biyu suka zame, ɗaya jarrabawa, ɗaya aljihu. Shi ma aljihun ba lafiya gare shi ba, alawus ya yi watanni bai shigo ba, shi ya sa maganar ɗan jagora ko tasowa ba ta yi ba. Abin da ke cikin jakarsa: gorar ruwa lita 1 da rabi, burodi biyu, dabino, katin zamansa na ƙasa, da kuɗin mota da ɗan canji. A ƙafarsa kambas ne irin na zuwa aji, ƙasansa ya suɗe. A jikinsa riga da jaket marar nauyi. Ba tocila, ba fawa bank, ba hular sanyi.

Maganar jaket ɗin nan tana da lissafi. A ƙa'ida zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da aka hau. Daga Marrakesh zuwa mashigin mita 1,800 ne, wato kusan digiri 12 ke nan, ba a ma sa iskar da ke kaɗawa a sama ba. Rigar da ta ishe ka a bakin Jami'ul Fana, babban dandalin Marrakesh, da hantsi, a can sai ka ji kamar ba ka sa komai ba.

Yadda wunin ya tafi

Ya isa tashar manyan tasi da ƙarfe 8, gari bai gama wayewa ba. Waɗannan motoci ba sa tashi sai mutum 6 sun cika, ya zauna ya yi ta jira. Asabar ce kuma, ranar kasuwar Asni, garin da hanya ke ratsawa kafin a karkata zuwa Imlil, aka sake ɓata lokaci a cunkoson motoci da jakuna da masu ɗauke da buhuna. Ya ce a gefen hanya ya ga gidajen da girgizar ƙasar 8 ga Satumban 2023 ta rusa, wadda ta kai maki 6.8 ta kashe mutum kusan 3,000, wasu an fara sake gina su, wasu iyalai har lokacin a matsugunin wucin gadi. Sai 11 ya sauka a Imlil. Ya karya, ya ɗan zaga, ya kama hanya 11:30.

Hawan ya ba shi wuya fiye da yadda ya zata. Ana wucewa ta ƙauyen Tamatert, a shiga wani kurmin itatuwa masu ganye kamar allura, turba tana yanke kwanonin titin mota. Kowane minti 10 sai ya tsaya ya dafa gwiwa. Ya ce har ya fara tunanin ko ciwon tsauni ne da ake faɗa. Ba shi ba ne, wannan galibi sai an haura mita 2,500 yake farawa. Iskar ce kawai ta yi sirara, a wannan tsawo nauyinta kusan kashi 3 cikin 4 ne na bakin teku, ga kuma ƙafar da ba ta saba ba. Ya kai mashigin 1:45. Akwai 'yar rumfar mai shayi a wurin. Ya sha, ya yi azahar, ya yi ta ɗaukar hoto da bidiyo yana turo mana a WhatsApp. Nan cajin ya tafi.

Da a nan ya juya, da ba ni da abin rubutawa. Kafin 4 yana Imlil.

Amma daga mashigin ana hango kwarin Imenan gaba ɗaya. Ƙauyuka a manne jikin dutse, launinsu da na ƙasar ɗaya, sai hayaƙi da farar hasumiyar masallaci ke tona su. Ya ce gani ya yi kamar in ya jefa dutse zai faɗa tsakar gidan wani. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, shi ma ya san karin maganar, amma a lokacin ba ta faɗo masa ba. Ya buɗe taswirar waya ya ga ana iya sauka zuwa ƙauyen Ikkis da ke cikin kwarin, a hau wani mashigin, Tizi n'Agersiwal, a faɗo kan titin Imlil ta ƙasa. Zagaye mai kyau, kilomita goma sha wani abu. Ya ce a ransa, a gida wannan ai tafiyar awa uku ce.

Ya tambayi mai shayin da Darijarsa ta 'yan makaranta ko Ikkis na da nisa. Mutumin ya nuna da haɓa ya ce, "Ƙarib." Kusa ne.

An ce matambayi ba ya ɓata. Na daɗe ina juya wannan, kuma abin da na gane shi ne amsa tana bin tambayar da aka yi. Mai shayin bai yi ƙarya ba. Ikkis kusa ne, gangara ce, kuma ga mutumin da aka haifa a kan wannan dutse ko zufa ba za ta karyo masa ba. Abin da ƙanena bai tambaya ba shi ne: in na sauka can, na sake hawa, na fito titi, ƙarfe nawa zan kai, ni da ka ga yadda na iso nan ina haki? Da ya yi wannan tambayar, na tabbata da an ce masa ya koma ta inda ya fito.

Masu yawon duwatsu suna da wani tsohon lissafi da wani ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Taswirar da ƙanena ya duba kilomita ya karanta a jikinta, bai karanta hawa ba. Daga Imlil zuwa mashigin farko mita 540. Daga nan a gangara zuwa Ikkis da ke wajen mita 1,700, sannan a sake hawa mashigi na biyu da ya ɗan haura 2,000. Jimillar hawan ta kusa mita 900, ƙarin awa ɗaya da rabi ke nan a kan lissafin nisa, kuma lissafin Naismith na ƙaƙƙarfan mutum ne da ba ya tsayawa. 'Yan jagora kansu kusan awa 6 suke ba wannan zagaye, kuma da sassafe suke fita. Wanda ya tashi 11:30, ko bai zauna ko sau ɗaya ba, sai 5:30 zai gama. Shi ya riga ya kashe minti 45 a mashigin.

Ya fara sauka 2:30. Gangarar ta fi hawan cin ƙafa, tsakuwa ce mai zamewa, kambas ɗin kuma ba ya kama ƙasa. Ya faɗi zaune sau biyu. Ya shiga Ikkis 4:30, cinyoyinsa na rawa.

A nan ya sami dama ta biyu. Wani dattijo da ke fasa gargaa a ƙofar gida ya amsa sallamarsa ya kira shi shayi. Ya ce da ya ji ana ce wa ruwa aman, shayi kuma atai, sai ya yi dariya, don kalmomin da ya saba ji ne a bakin Buzaye masu gadi a unguwarsu. Aka ɗan yi hira da hannu da baki, ya yi la'asar. Da ya miƙe 5:10 ya ce zai ƙetara Agersiwal, dattijon ya dubi sama, ya dubi takalminsa, ya ce da Darija, ɗana, kwana nan, gobe ka tafi. Ƙanena ya yi godiya ya ƙi. Na tambaye shi dalili daga baya. Ya ce kunya ce da kuɗi. Abin da ke aljihunsa na mota ne kawai, yana tsoron a kai shi masauki ya kasa biya, kuma bai san yadda zai faɗi haka ba tare da ya zama kamar roƙo ba. A ganina wannan ne kuskure mafi girma a wunin, ya fi na mashigin, domin a nan an faɗa masa ƙarara, kuma wanda ya san wurin ne ya faɗa. Amma ba na iya yi masa faɗa sosai. Duk wanda ya taɓa zama ɗalibi a ƙasar wani da aljihu wayam ya san irin wannan kunyar.

Rana ta riga ta bar kwarin. Ya hau kusan awa ɗaya. Wajen 6:15 turba ta rabu biyu, ɗaya ta miƙe sama cikin duwatsu, ɗaya ta bi gefe a shimfiɗe, sumul, kamar an share. Gajiyayyen mutum wadda zai zaɓa sananniya ce. Turbar targa ce. Ta kai shi har inda kwatar ta ƙare a bakin wata gona, daga nan sai sawun awaki. Maimakon ya koma mararrabar, sai ya ce bari ya yanke sama kai tsaye ya tarar da hanyar. A wannan yankan ne dutse ya juye ƙarƙashin ƙafarsa ta dama.

Daga nan ya yi abubuwa uku daidai, kuma su suka taƙaita wahalar. Bai ƙara motsawa daga inda yake ba. Ya turo mini saƙo lokacin da sabis ya ɗan leƙo, sannan ya rufe komai na wayar ya adana sauran cajin don haske. Ya kuma zauna a kan jakarsa maimakon dutse mai sanyi, ya cusa hannuwa cikin riga. Abin da ya rasa a saƙon shi ne inda yake. Da ya ce tsakanin Ikkis da Agersiwal, ko ya turo alamar wuri, da na san abin da zan faɗa wa jandarma a lambar 177. Ni a lissafina yana ɓangaren Tamatert, can zan tura mutane, wani dutsen daban.

Ya ce ya yi kusan minti 40 a zaune, haƙoransa na haɗuwa, ya yi magariba da taimama a zaune. Sai ya ji ƙarar kofato a samansa. Ya kunna fitilar waya ya yi ta kaɗawa yana kwaɗa sallama. Wani magidanci ne ɗan Ikkis, yana dawowa da alfadarinsa daga ɓangaren Imlil inda ya kai kayan baƙi. Ashe hanyar gaskiya ba ta fi jifa biyu daga inda yake ba. Mutumin ya sauko, ya taɓa idon sawun, ya yi wata magana da Tashalhit da ƙanena bai ji ba amma ya gane faɗa ne, ya cire jallabiyarsa ta ulu ya zura masa, ya ciccibe shi ya ɗora kan alfadari.

Ni sai 9 saura na sami kira daga baƙuwar lamba. Lokacin na riga na tara mutum biyu muna neman motar da za ta kai mu Imlil cikin dare.

Daren, da abin da ya biyo baya

Gidan mai alfadarin aka kai shi. Aka ɗaure ƙafar da tsumma, aka kawo miya mai zafi da burodin sha'ir da man zaitun, aka lulluɓe shi da barguna har uku. Ya fito da kuɗin motarsa zai bayar, maigidan ya ture hannunsa ya ɓata fuska.

Abin da ya fi ba ni labari a kai shi ne asuba. Ya dogara sanda ya bi maigidan masallaci, ɗan ƙarami, mutum bai fi 10 ba. Bayan an sallame sai suka zauna suka buɗe karatun hizbi da murya ɗaya, kamar yadda ake yi a masallatan Maroko bayan asuba da magariba. Warshu suke karantawa, ruwayar da ya yi a makarantar allo tun yana yaro. Ya ce bai san lokacin da bakinsa ya shiga ba. Da aka shafa, liman ya juyo ya tambaye shi a ina ya yi karatu. Ya ce Katsina, a Najeriya. Dattijon jiya mai fasa gargaa yana cikin sahu, ya nuna shi yana faɗa wa sauran wani abu, kowa ya yi dariya. Ba sai an fassara masa ba.

Da hantsi aka sa shi a motar da ke bin kwarin Imenan zuwa Asni, daga can ya hau tasi. Na kai shi asibiti ranar Litinin, hoto ya nuna ba karaya, targaɗe ne. Ya yi mako uku yana ɗingishi, ya rasa gwaji ɗaya da sai da muka yi ta zirga-zirga kafin a yarda ya rama.

Da muka zauna da sauran ɗalibai, gardama ta kaure a kan ko rashin ɗan jagora ne sila. Ni ban tafi a kan haka ba. Hawa Tamatert da dawowa, mutum mai hankali zai iya shi ba jagora in ya fita da wuri kuma ba shi kaɗai ba. Abin da ya kai shi ga kwana a Ikkis shi ne ya sauya shiri a tsakiyar hanya bai gaya wa kowa ba, ya auna dutse da ma'aunin fili, kuma bai sa wa kansa lokacin da ko ina ya kai zai juya ba. Abin da muka tsayar a tsakaninmu ke nan: duk mai zuwa dutse ya rubuto sunayen ƙauyukan da zai bi, in ya sauya ya sake rubutowa, ya riƙe tocila ta daban da wayarsa, kuma ya tafi da kuɗin kwana ɗaya ko da rance ne. Na ƙarshen ni na dage a kansa. Na ce wanda ba shi da shi ya zo wurina, ba sai ya yi bayani ba.

Jallabiyar ta biyo shi har Marrakesh, don maigidan ya hana shi cirewa da safen. Da ƙafar ta yi sauƙi muka kai ta wanki, muka sayi manyan curin sukari biyu irin wanda mutanen ƙasar ke kaiwa gaisuwa, muka ɗaure a leda muka tafi tasha neman direban da zai miƙa ta Asni. Direban ya ce gidan wa za a kai a Ikkis? Ƙanena ya yi shiru. Ya kwana a gidan mutum, ya ci abincinsa, ya sa rigarsa, bai tambayi cikakken sunansa ba, lambar da aka kira ni da ita kuma ta wani maƙwabci ce da ba ta cika shiga ba. Ya ce, mai alfadarin nan ja, gidansa na ƙasan masallaci. Direban ya karɓi ledar ya tura ƙarƙashin kujera, ya ce in dai ɗan Najeriyar da ya bi targa ne, labarin ya riga sukarin isa Asni.